CIWON BAYA: TSAKANIN WUƘAR LIKITA DA HANNUN MAI GYARA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Daga cikin abubuwan da ke raba mutum da wannan uwa, da wuya a sami wanda ya kai ciwon baya yawa da naci. Manomin da ke wuni a sunkuye da fartanya ya san shi, haka ɗan dako, da tela a bisa kekensa, da matar da ke daka da goyo a bayanta, har ma da ɗalibin da ke raba dare a kan benci yana bitar karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, watau wajen ƙugu, kuma adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. A lissafinta, babu wata larura da ta fi shi hana mutane aiki a duniya.

Idan ciwon ya yi tsanani, mai shi yakan ji shawara iri biyu. Wasu su ce ya tafi asibiti a yi masa tiyata ya huta, wasu kuwa su ce duk wanda aka taɓa wa gadon baya da wuƙa ya yi sallama da tafiya. A Amurka da Turai wannan gardama ta haura shekara ɗari, kuma akwai wata sana'a mai suna kairofaraktik, watau gyaran gadon baya da hannu, wadda ta daɗe tana tallar kanta a matsayin mafaka ga masu tsoron wuƙa. Yanzu hotunan masu wannan sana'a suna yawo a wayoyin jama'a, ana ganin an murɗa mutum bayansa ya yi ƙara, ya miƙe yana murmushi. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, zaɓi tsakanin hannu da wuƙa tambaya ce ta biyu. Tambaya ta farko ita ce, wane irin ciwo ne? Wanda ya tsallake ta, ko wanne ya zaɓa yana cikin kasada.

Yadda gadon baya yake

Gadon bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa ne 33 da aka ɗora wani bisa wani: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuwa suna can ƙasa, yawancinsu a manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai laushi a ciki, wanda ke aikin matashi, yana hana su gogar juna. Ta tsakiyar jerin kuma akwai rami inda laka ta bi, daga gare ta ne jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Kewaye da duk waɗannan akwai tsoka da jijiyoyin ɗauri.

Likitoci sun kasa ciwon baya gida uku. Na farko shi ne wanda ba a iya nuna takamaiman abin da ya lalace, galibi gajiyar tsoka ce da ta gaɓoɓi. Wannan shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, kuma mafi yawansu sukan sami sauƙi sosai cikin mako shida ko sun sha magani ko ba su sha ba, ko da yake yakan dawo. Na biyu shi ne wanda faifai ya bullo ya danne jijiya, zafi ya riƙa sauka daga ɗuwawu har ƙasan gwiwa. Na uku, wanda ya fi ƙaranci amma ya fi haɗari, shi ne wanda wata babbar cuta ke ɓoye a bayansa, kamar karaya, ko tarin fuka na ƙashi, ko ciwon daji. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan rabe-rabe, domin a kansa ne sauran bayanin zai tsaya.

Asalin sana'ar gyaran baya

An ƙirƙiro kalmar kairofaraktik daga Girkanci, ma'anarta yi da hannu. Wanda ya kafa sana'ar shi ne Daniel David Palmer, a garin Davenport na jihar Ayowa ta Amurka, cikin shekarar 1895. Palmer bai yi karatun likita ba. Ya ba da labarin cewa ya danna wani ƙashi a bayan wani ma'aikacin ginin da yake haya, mai suna Harvey Lillard, sai kurumtar da ke damunsa ta warke. Daga nan ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka suna faruwa ne saboda gocewar ƙasusuwan baya, wadda ke tare wani ƙarfi na halitta da ke gudana a cikin jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, kuma a 1906 aka ɗaure shi saboda yin aikin magani ba da lasisi ba.

Likitocin Amurka sun yaƙi wannan sana'a da ƙarfinsu. Babbar ƙungiyarsu ta kafa kwamiti na musamman a 1963 don daƙile ta, ta kuma hana 'ya'yanta hulɗa da masu yin ta. A 1976 wani mai gyaran baya, Chester Wilk, da abokansa suka kai ƙara, kuma a 1987 wata kotun tarayya ta yanke hukunci cewa ƙungiyar likitocin ta karya dokar da ta hana babakere a kasuwanci. Masu sana'ar sukan kafa hujja da wannan nasara, amma a nan akwai abin lura. Kotu ta yi hukunci ne a kan ƙaurace musu da aka yi, ba ta ce ra'ayin Palmer gaskiya ne ba. Har yau babu wani bincike da ya tabbatar cewa gocewar ƙashin baya ce ke kawo kurumta, ko asma, ko hawan jini. Ƙarar nan ma da ake ji in an murɗa baya, wadda ke sa mutum ya zaci ƙashi ne ya koma mazauninsa, iska ce ke tashi a cikin ruwan gaɓa, daidai da wadda ake ji in mutum ya ja yatsunsa.

Abin da gwaji ya nuna

Rushewar ra'ayin Palmer ba ta nufin cewa dannar baya ba ta da wani amfani ko kaɗan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada. A Birtaniya, cikin 2004, an buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 1,334 masu ciwon baya. Waɗanda aka ƙara wa dannar baya a kan kulawar likita sun fi sauran samun sauƙi bayan wata uku, amma bayan shekara guda ratar ta ragu ta zama 'yar kaɗan. A 2019 kuma wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwo, suka ga cewa dannar baya tana rage zafi gwargwadon yadda motsa jiki da sauran hanyoyin da aka yarda da su suke ragewa, ba ta fi su ba.

A kan irin wannan sakamako ne hukumomi suka gina shawararsu. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2016 ana iya yin danna da tausa, amma da sharaɗin a haɗa su da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar cikin Disamba 2023 game da daɗaɗɗen ciwon baya, ta lissafa dannar baya da tausa cikin abubuwan da ake iya amfani da su, tare da wayar da kan majinyaci da motsa jiki. Ta kuma hana ɗaura ɗamarar baya, da jan ƙugu da na'ura, da ba da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye.

To, matsayin mai gyaran baya ke nan: yana iya rage wa mai ciwo na rukunin farko raɗaɗi na ɗan lokaci. Sai dai tun da yake yawancin irin wannan ciwo yana lafawa da kansa cikin makonni, duk wanda ya sa hannu a wannan tsakani shi zai kwashe yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: jiki ya yi aikin warkarwa, wani ya karɓi lada. Saboda haka duk mai gyaran da ya ce sai an yi ta zuwa wurinsa wata da watanni don kada ƙashi ya sake gocewa, ko ya ce zai warkar da ciwon sukari ko ciwon cikin jarirai ta hanyar danna baya, ya fita daga abin da hujja ta ba shi.

Bugu da ƙari, hannu ma yana da nasa haɗari. Da yawa daga waɗanda aka danna sukan ji tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba wani abu ba ne. Abin tsoro shi ne murɗa wuya da ƙarfi. Akwai hanyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an sami mutanen da ɗayarsu ta tsage bayan an murɗa musu wuya, abin ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki. Abin ba ya yawan faruwa, kuma masana suna da saɓani a kan ko murɗawar ce ke jawo shi, ko kuwa tsagewar ce tun farko ta kawo ciwon wuyan da ya kai mutum wurin mai gyara. Duk da haka ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a riƙa sanar da majinyaci wannan alaƙa kafin a taɓa masa wuya. Haka kuma danna bayan tsoho mai raunin ƙashi yana iya jawo karaya.

Wuƙa: amfaninta da haɗarinta

Tiyatar faifan baya ta samo asali ne daga aikin likitoci biyu na birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr, waɗanda suka nuna a 1934 cewa faifan da ya fashe yana danne jijiya, kuma cire shi yana kawar da zafin ƙafa. Wannan babban ci gaba ne. Matsalar da ta biyo baya ita ce, an faɗaɗa aikin har ya kai ga mutanen da ba don su aka ƙirƙiro shi ba, musamman bayan da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ta bazu. A 1994 wasu likitocin Amurka suka ɗauki hoton bayan mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. Kashi 52 cikin 100 nasu an ga faifansu ya kumbura, kuma kashi 36 kawai ne hotonsu ya fito ba wata tangarɗa. Watau abin da hoto ke nunawa sau da yawa kamar furfura yake, alamar shekaru ce, ba lalle ne shi ke kawo ciwon ba. Likitan da ya yi wa hoto tiyata maimakon majinyaci yana iya yanka inda babu laifi.

Ko a inda faifan ne da gaske ya danne jijiya, gaggawa ba kullum take da riba ba. A ƙasar Holan, cikin 2007, an raba mutum 283 masu zafin jijiyar ƙafa gida biyu: aka yi wa rabi tiyata da wuri, rabi kuma aka ce su jira ana kula da su. Waɗanda aka yi wa tiyata sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda kimanin kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun warke. Daga masu jiran, kashi 39 cikin 100 ne aka yi wa aikin daga baya, sauran sun tsira ba tare da wuƙa ba, domin jiki yakan shanye faifan da ya bullo sannu a hankali. Game da tiyatar manne ƙasusuwa biyu da ƙarfe don maganin ciwon baya zalla kuwa, gwajin da aka yi a Norwe a 2003 da wanda aka yi a Birtaniya a 2005 ba su nuna ta fi tsararren motsa jiki da horar da majinyaci wani abin kirki ba. Shi ya sa ƙa'idojin Ingila na 2016 suka hana yin ta ga irin waɗannan mutane sai a cikin bincike.

Haɗarin tiyata kuwa sananne ne, kuma likitan kirki ba ya ɓoye shi. Wurin yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, fatar da ta lulluɓe laka tana iya yagewa ruwa ya riƙa yoyo, jijiya tana iya samun rauni, jini yana iya daskarewa a ƙafa, faifan kuma yana iya sake bullowa. In an manne ƙasusuwa biyu, nauyi yakan koma kan na kusa da su su ma su gaji. Wani bincike a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa tiyatar ƙasan baya an sake yi musu wata cikin shekara 11. Har suna likitoci suka ba wa halin wanda aka yi wa aiki ciwon bai tafi ba. Ga kuma tsada, wadda a ƙasar da majinyaci ke biya daga aljihunsa takan kai ga sayar da gona. Abin da ya sa wuƙa ta fi hannu nauyi shi ne, abin da aka yanke ba ya komawa.

Alamomin da ba sa jira

Duk da wannan bayani, babban kuskure ne a mai da tsoron tiyata ya zama aƙida, domin akwai ranar da wuƙa ce kaɗai ke tsakanin mutum da gurguntaka. Idan mai ciwon baya ya kasa yin fitsari ko ya kasa riƙe shi, ko bayan gida ya riƙa kuɓuce masa, ko ya daina jin taɓawa a tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa, to tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne aka danne. Wannan lamari ne na awoyi, in aka yi jinkiri lahanin yana iya zama na har abada. Haka nan idan ƙafa tana ƙara rauni kullum har mutum yana jan ta, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko mai shi ya taɓa yin ciwon daji, wurinsa asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba.

A nan ne maganar ta fi shafar ƙasar Hausa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma wannan cuta ba huhu kaɗai take kamawa ba. Tana shiga ƙashin baya ta cinye shi a hankali har ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su shanye; wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta tun 1779. Farkonta kamar kowane ciwon baya yake. In aka gano ta da wuri, ƙwayoyin tarin fuka na watanni sukan warkar da ita, sau da yawa ba tare da tiyata ba. Amma wanda ya kai irin wannan baya aka danna ko aka taka, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Darasi ga na gida

Aikin hannu a kan ƙashi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Maɗora sun gaji ɗori iyaye da kakanni, wanzamai suna yin ƙaho a gadon baya, tausa kuwa ana yin ta a kowane gida, har akan sa yaro ya hau bayan tsoho ya tattaka. Wani kuma da ya ji ƙugunsa ya riƙe sai ya ce basir ne ko sanyi, ya nemi jiƙo. Tun da yake yawancin ciwon yana lafawa da kansa, kowace hanya daga cikin waɗannan tana da masu shaidarta, kamar dai yadda kairofaraktik take da nata a Amurka. Tambayar da ta dace a yi wa maɗori, da wanzami, da baƙon mai gyara da ya zo da farar riga da takardar shaida, guda ɗaya ce: shin ya san ciwon da ya fi ƙarfinsa, kuma in ya gan shi zai tura mai shi asibiti? Wanda ya san iyakarsa abokin aikin likita ne. Wanda bai sani ba, ko na gida ne ko na waje, haɗari ne. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, suna da likitocin ƙashi da sashen gashi da motsa gaɓoɓi, inda ake koya wa mai ciwo irin motsin da ya dace da shi.

Ga mai ciwo na yau da kullum kuwa, maganin da hujja ta fi ƙarfafawa shi ne wanda ba a saye. A da likitoci kan ce a kwanta a huta, har gwaji ya rushe wannan shawara: a Finlan, cikin 1995, an ga waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko sun riga waɗanda aka kwantar warkewa. Tafiya da ƙafa, da gasa wurin da ruwan ɗumi, da rage zaman wuri ɗaya, da barin taba, da samun isasshen barci, su ne tushe. Ƙwayoyin rage zafi na ɗan lokaci ne, domin yawan shan su yana cin ciki da ƙoda, irin su taramol kuwa suna kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa masu tallar hannu suna da gaskiya in sun ce ana yin tiyatar baya fiye da kima, amma wannan bai mai da ra'ayin Palmer ilmi ba. Masu wuƙa kuma suna da gaskiya in sun ce aikinsu yana ceton ƙafafu, amma wannan bai ba su damar yanka kowane bayan da hotonsa ya nuna tsufa ba. Tsarin da ya dace shi ne, mai ciwo ya fara zuwa wurin likitan da zai duba ko akwai alamar haɗari. In babu, ya ba jikinsa mako shida yana motsi, ya haɗa da tausa ko danna in yana so, amma ya kiyaye wuyansa. In aka ce sai tiyata alhali babu gaggawa, haƙƙinsa ne ya tambayi abin da za a gyara, da abin da zai faru in ya jira wata uku, kana ya ji ta bakin likita na biyu. In kuwa fitsari ya tsaya ko ƙafa ta fara mutuwa, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya nufi asibiti a daren nan. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kuma ƙara wa masu ita, amin.